Godiyar Da Aka Yi Wa Ɗalha A Gumel

Ɗalha taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, saboda haka ina da damar faɗin abin da na ga dama a kansa, shi kuwa ba shi da damar fushi. Shagon ɗinkina yana kallon ƙofar zaurensa a Maigatari. Tun muna samari nake ganin shigarsa da fitarsa ta saman keken ɗinki, kuma in ban da 'yan watannin nan ban taɓa ganin ya fito yana waige-waige ba.

Sana'arsa dillancin dabbobi, gado ya yi wurin mahaifinsa. Wanda bai san kara, wato kasuwar dabbobi, ba zai ɗauka aikin dillali haɗa ciniki ne kawai. Fataken da ke koro shanu da raƙuma daga ƙasar Damagaram kowannensu yana da mai masauki a garin nan. Ran Laraba su iso, su sauka a zaurensa, su ci tuwon gidansa, ran Alhamis ya shiga kasuwa ya sayar musu. Shi ya san ta inda suka biyo, ya san wanda suka gani a hanya, ya san abin da ke ɗaure a ƙugunsu. Kuma babu falken da zai sauka a gidan da ake jin sirrinsa a waje. Jarin Ɗalha ke nan kaf. Ba shi da garke, gonarsa ba ta kai shi ko'ina, abin da ya mallaka shi ne an san bakinsa ba ya yoyo. Yakan ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Ni kuwa nakan ce masa nasa cikin dai, na ga tuwon ya fi yawa.

Baƙonsa mafi daɗewa shi ne Alhaji Ya'u, mutumin wajen Magarya, dogo, marar yawan magana. Uban Ya'u a gidan uban Ɗalha yake sauka. In Ya'u ya sauka wurinka, sauran fataken yankinsu ba sa tambaya, biyo shi suke yi.

Shekarar da aka rufe iyaka, kasuwa ta yi sanyi, ran kowa a ɓace. A cikin wannan hali wata mata ta zo garin daga jami'a, Dakta Haulatu, tare da ɗalibanta. Sun ce bincike suke yi a kan yadda rufe iyaka da siyasa suke taɓa talaka. Duk wanda suka tunkara sai ya ce lafiya lau, ya ƙara gaba. Wani ya nuna musu zauren Ɗalha, ba don ya yi magana ba, don dai su sami inuwa. Shi kuwa baƙo ba ya tsaya masa a ƙofa. Ya shimfiɗa musu tabarma, ya sa aka damo fura, daga nan zauren ya zama nasu har suka gama aikinsu.

Matar tana da tarbiyya, wannan ba zan ɓoye ba. Takan durƙusa ta gaishe shi, Baba take ce masa, ba ta katse shi in yana magana. Ta yi masa alkawari cewa sunansa ba zai fito a ko'ina ba. Ni ina daga shago ina kallo, na ga mutumin da ya shekara talatin yana haɗiye magana ya sami kunnen da ba na garin nan ba. Ga kuma takaici yana cinsa, don a makon ne aka kwashe wa wani ƙaramin baƙonsa 'yan tumakinsa a hanya, alhali manyan motoci suna wucewa cike da kaya ba mai ɗaga musu hannu. Ya buɗe baki ya gaya mata komai: ɓarauniyar hanyar da garkuna ke bi, rijiyar da ake ya da zango a gauraya shanun ƙetare da na gida, da yadda ake kau da kai ga motocin wanda jam'iyyarsa ke sama.

Na ce masa, "Kai, taubashi, magana zarar bunu ce fa."

Ya ce, "Tela, kai dai ka ji da zarenka. Su waɗannan takarda suke rubutawa da Turanci su ajiye a kanta. Wa zai karanta a kara?"

Ran da za su tafi ma har gori ya yi mata. Ya ce haka 'yan boko suke, su zo su kwashi maganar mutane su tafi, ba a sake jin ɗuriyarsu. Ta ce in Allah ya yarda ita za ta dawo da abin da ta gano, ta faɗa wa mutane da Hausa, kowa ya ji da kunnensa. Muka yi dariya, don mun sha jin irin wannan.

Ashe da gaske take. Bayan an buɗe iyaka, kasuwa ta fara farfaɗowa, sai ga wayarta. Za a yi taro a Gumel, jami'a za ta gabatar wa jama'a sakamakon binciken, kuma tana son Baba ya zo. Ɗalha ya tasa ni gaba sai na ɗinka masa sabuwar babbar riga. Na ɗinka, na kuma raka shi, don in ga yadda dillalin shanu zai zauna a kujerar manya.

Zauren taron ya cika. Ga manoman Gagarawa da suka zo jin abin da aka gano a kan gonakinsu, ga 'yan kasuwar Sule Tankarkar, ga masu unguwanni, ga 'yan gidan rediyo da na'urorinsu a kan tebur. A layin gaba, can gefe, na hango Barau. Barau na hannun daman wani babban ɗan siyasa ne da ba zan faɗi sunansa ba, kuma kowa ya san motocin wa ake nufi in an ce motocin da ba a tsayarwa.

Dakta Haulatu ta miƙe ta yi bayani da Hausa tsantsa, yadda ko tsohuwa za ta gane. Ta ce rufe iyaka bai hana kaya wucewa ba, tace masu wucewa ya yi: babba ya wuce, ƙarami ya rasa jarinsa. Ta ce a garuruwan da suka bi, mutane da yawa suna kaɗa ƙuri'a ne don tsoron abin da zai sami sana'arsu, ba don so ba. Gaskiya ta faɗa, kuma na ji daɗin jin ta a bainar jama'a. Wani dattijo daga Gagarawa ya tashi ya ce tun da yake bai taɓa ganin masu bincike sun dawo sun faɗi abin da suka gani ba.

Ta riƙe alkawarinta. Duk inda ta kawo maganar wani sai ta ce wani manomi, wata mai abinci, wani direba. Da ta zo kan dabbobi ta ce, "Wani dillali a Maigatari ya gaya mana," sannan ta zayyano hanyar, da rijiyar, da motocin. Dillalan Maigatari ba sa ƙirguwa, don haka na sauke ajiyar zuciya. Ɗalha yana zaune kusa da ni, fuskarsa kamar ba shi ba.

Sai aka zo rufe taro. To, a ƙasar nan ba a tashi taro ba a yi godiya ba, kuma ba a yi wa mutum godiya a dunƙule alhali yana zaune yana kallonka. Wanda ya ci tuwon gidanka ya ga idonka a cikin jama'a ya yi shiru, butulu ne, haka aka tarbiyyantar da mu duka. Ta gode wa shugabannin jami'a, ta gode wa iyayen ƙasa. Na ga Ɗalha yana gyara wuyan riga, na san abin da yake jira, kuma na san da ba a ambace shi ba da ya yi wata yana mita.

Ta ce, "Sannan akwai ubana a Maigatari, Baba Ɗalha dillali. Shi ya ba mu zaurensa, ya ciyar da mu, ya zauna da mu kullum. Ba don shi ba da aikin nan bai yiwu ba. Baba, don Allah ka miƙe jama'a su gan ka."

Na kama gefen rigarsa, ya fizge. Ya miƙe yana murmushi, ya ɗaga hannu, aka yi ta tafi. Dillali ɗaya aka ce ya yi magana, dillali ɗaya aka yi wa godiya. Barau bai yi tafi ba. Ya juyo da kujerarsa ya dubi Ɗalha tun daga hula har takalmi, sannan ya mayar da kai.

A motar dawowa Ɗalha yana ta ba ni labarin tafin, kamar ba na wurin. Sai da muka yi nisa da Gumel ya bar zancen, ya koma kallon gonaki ta taga. Can ya ce, "Ai ba ta ce ni na faɗa ba." Na ce, "Ba ta ce ba."

Rediyo ya sa shirin gaba ɗayansa, har da godiyar. Babu wanda ya zage shi, babu wanda ya tare shi da faɗa, kuma da an yi hakan da ya fi sauƙi. Gaisuwa ce ta fara gajarta. Ya shiga kara, dillalai suna raɗa da masu dabbobi, da ya matso sai a koma zancen damina.

Wata rana da la'asar sai ga Barau a kan babur. Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya zauna a bakin tabarma cikin ladabi. Na kashe keke don in ji.

Ya ce, "Malam Ɗalha, Alhaji ya ji shirinku, ya ce in zo in gaishe ka. Ya ce ashe muna da malamin jami'a a cikinmu ba mu sani ba."

Ɗalha ya ce, "Ni masauki kawai na bayar, Malam Barau. Baƙonka annabinka."

"Haka ne. Allah ya ba da lada." Ya sa takalminsa, ya hau babur, sannan ya waiwayo. "Af, na ji an ce baƙonka na Magarya ya gamu da tsautsayi a wajen wata rijiya. An tare garken gaba ɗaya. Ko ta ina aka san wurin, oho. Ka jajanta masa in ka gan shi."

Ban sani ba ko rediyon ne ya jawo, ko kuwa wani ne ya ga dama ya nuna, don a ɗora wa Ɗalha. Rijiyar nan ba yau aka santa ba. Amma a kasuwa ba a bin wannan diddigin.

Larabar da ta biyo, Alhaji Ya'u ya shigo gari da 'yan shanun da ya samu ya karɓo. Na gan shi ya biyo layinmu, ya wuce ƙofar zauren bai rage tafiya ba, ya sauka a gidan wani dillali a bayan tasha. Mutanensa suka bi shi. Washegari Ɗalha ya same shi a kara. Ya'u ya ba shi hannu, ya tambayi iyali, ya karɓi jaje. Da Ɗalha ya fara cewa, "Alhaji, game da abin nan," sai ya ce, "Ba komai, Malam Ɗalha. Ko 'yan duwan, kwastan ɗin ƙasarmu, ba su san ni kamar yadda ka san ni ba. Allah ya bar zumunci." Ya juya ga shanunsa.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yau ban san wanda zan ji haushi ba. Matar nan alheri ta yi niyya. Ɗalha kuwa abin da ya faɗa gaskiya ne. Na ce masa ya kira ta ya gaya mata halin da ake ciki, ko ta sa a daina maimaita shirin. Ya ce shi ba zai iya duban wadda ta kira shi uba a gaban jama'a ya ce ta cuce shi ba.

Ita ce ta kira, wata Talata da hantsi, ina zaune wurinsa. Ya sa wayar a bayyane saboda kunnensa ya fara nauyi. Muryarta cike da murna. Ta ce mutane sun yi ta yaba shirin, har wata tasha da ake kamawa can cikin Damagaram ta nemi a ba ta ta sa.

"Na ce sai na tambaye ka tukuna, Baba, tunda akwai sunanka a wajen godiya. Ko akwai damuwa?"

Na yi ta girgiza masa kai, har da zungurinsa. Ya kau da ido daga kaina.

Ya ce, "Babu damuwa, 'yata. Allah ya yi miki albarka, ya ƙara ilimi."

Ya ajiye wayar a kan tabarma. Can sai matarsa Kyauta ta leƙo ta ƙofar cikin gida, ta ce za ta aika niƙa, tuwon mutum nawa za a yi gobe.

Ya daɗe yana duban hanyar da fatake ke shigowa, sannan ya ce, "Yi na gida kawai."