Ranar da Malama Ta Yi Gudu

A garinmu ba a tambayar mai gudu dalilinsa. Duk wanda ya zauna a Maiduguri a shekarun da abin ya yi tsanani ya san haka. In ka ga mutane sun kwaso da gudu, kai ma ka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, in an tsaya a gaba sai ka tambayi abin da ya faru. Ni kaina na taɓa gudu daga bakin shagona na gyaran waya har bayan layin dogo da takalmi ƙafa ɗaya, daga baya aka ce ai saniya ce ta ƙwace wa mahauta. Ban ji kunya ba, don limamin masallacinmu yana gabana.

Da gari ya ɗan lafa, wasu matasa suka kawo mana gudun ranar Asabar. Kyauta ne, ba a biya, ba a cin komai. Tun hantsi bai yi ba ake taruwa a filin ƙwallon wata firamare a Bolori, a zaga unguwa a dawo. Bulama, mai unguwarmu, ya yarda da sharaɗi ɗaya: duk kwanar da jama'a ke taruwa sai an tsayar da mutum sanye da riga ruwan ɗorawa, yana gaya wa mutane lafiya ce, motsa jiki ne. Ya ce shi ba zai kwashi gawar kowa ba saboda wasu suna son rage tumbi.

Kwanoni biyu ne masu haɗari. Ni na riƙe ta masu facin taya, don gwiwata ta lalace tun zamanin da nake hawan mashin, tsayuwar ce ta dace da ni. Ɗayar, wadda ta fi cika, ita ce kwanar 'yar kasuwar safe, inda mata ke kasa yakuwa da kuɓewa da busasshen kifi. Can Malama take tsayawa.

Malamar firamare ce 'yar kudancin Borno, mijinta ya rasu, tana zaune a Galtimari da 'yarta guda. Ba tsayuwa ce ta kawo ta ba. Ranar farko da ta zo, da zaninta da sabon kambas, gudu ta zo yi kamar kowa. Wani saurayi ya miƙa mata rigar ya ce, "Mama, ɗan riƙe mini, ina zuwa." Har yau yana zuwa. An ce yanzu yana Abuja, har ya yi aure.

Ta iya aikin, shi ne laifinta. Tana isa tun kafin kowa, ta gaisa da matan kasuwa ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi 'ya'yansu. In ta hango masu gudu sun ɓullo sai ta ɗaga hannu ta ce, "Kalewa! Kalewa! Lafiya ce, 'yan motsa jiki ne!" Kalewa shi ne lafiya a bakinmu na Kanuri, kuma ta fi wasu 'ya'yan Kanurin iya faɗinsa. Mata su ci gaba da cinikinsu, wasu har su yi wa masu tumbi dariya.

Su kuwa masu gudun, Allah ya shirye su. Ban taɓa ganin mutanen da ke son abin kyauta kuma suke ƙyamar wanda ya ba su ba kamarsu. Ranar Asabar fili ya cika, kowa da gajeren wando da robar ruwa, ana ta ɗaukar hoto. Amma duk Alhamis in shugaban gudun ya rubuta a gurup ɗinmu na waya cewa ana neman masu tsayuwa a kwana, sai ka ga hoton babban yatsa yana zuba kamar ƙanƙara. Wani ya rubuta Allah ya ba da lada. Wani ya rubuta in sha Allah, wanda duk mun san fassararsa. Ran Asabar kuma ni ne, Malama ce, sai wani dattijo mai raba ruwan leda a ƙarshen gudu. Suna wuce mu suna haki, ko sannu babu. Wata rana wani ya jefo mini robar da ya shanye, wai in riƙe masa.

Akwai ɗaya da ya fi ba ni haushi, muna ce masa mai agogo. A wata ƙungiyar agaji yake aiki, yana ɗaure da wani agogo mai gaya masa yadda zuciyarsa ke bugawa, kamar shi bai sani ba. Shi ne ke kiranmu "jarumanmu" a gurup. Bai taɓa taɓa rigar ba ko da ɗan yatsa.

'Yar Malama tana cikin masu gudun. Kowace Asabar ta zo wucewa sai ta ɗaga wa uwarta hannu, uwar ta bi ta da ido har ta sha kwana. Sai yarinyar ta samu makarantar koyon aikin jinya a can kudu, za ta tafi wata Lahadi. Malama ta same ni a shago ta ce tana son abu ɗaya: Asabar ɗin ƙarshe ta yi gudun tare da 'yarta, daga farko har ƙarshe. Ashe sun jima suna gwaji da yamma a layinsu na Galtimari, yara na binsu suna ihu. Tana gaya mini tana dariya tana rufe baki da gefen mayafi. Na ji tausayinta ƙwarai, na kuma ji haushin cewa abin da kowane ɗan iska ke samu kyauta duk mako ita sai ta roƙa.

Ta rubuta a gurup. Yatsu suka zubo. Ba wanda ya ce ga ni.

Asabar ɗin da ta gabaci ta ƙarshen, bayan an gama gudu, ta tako har fili ta riƙa bin su ɗaya-ɗaya da rigar a hannu. Wannan ya ce likita ne ya sa shi gudu, ba zai iya fashi ba. Wancan ya ce shi ba ya jin Kanuri. Wata ta ce warin kifi yana tayar mata da zuciya. Wani ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Mama, da wannan jikin? Ai tsayuwar ta fi miki rufin asiri." Aka fashe da dariya, har da waɗanda ta koyar a aji. Ta yi murmushi ta wuce ga na gaba.

Nan ne mai agogo ya ga taro, ga kuma 'yan mata suna kallo. Ya karɓi rigar ya ɗaga ta sama. "Haba Mama! Wannan ai ƙaramin abu ne. Ki je ki yi gudunki, kwana tana hannuna." Aka tafa masa, aka ɗauke shi hoto da rigar.

Ranar ta zo. Ina tsaye a kwanata na ga sun ɓullo, na gaba suna ta zabga ƙafa, sai can baya ga Malama da 'yarta. Ta ɗaure zani tamau, ɗankwali ya zame, gumi ya jiƙa mata wuya. Gudun ba wani gudu ba ne, ɗan sassarfa ne, amma fuskarta kamar an yi mata albishir. Ta ce mini, "Ka gan ni?" Na ce na gan ki, Malama. Yarinyar ta kama hannunta suka wuce.

Ba a jima ba na ji ihun. Wanda ya san irin ihun nan ba ya manta shi. Masu faci suka watsar da tayoyi suka yi gabas, wani mai keke napep ya juya a kan ƙafa biyu. Ni ma ƙafata ta so bin su, sai dai na san abin da ke waccan kwanar, don haka na ja gwiwata na nufi can.

Kasuwa ta watse. Tumatir a ƙasa, kifi a kwata, takalma ko'ina, kaskon ƙosai a kife yana hayaƙi. A jikin wata darbejiya ga rigar ruwan ɗorawa an rataye ta a ƙusa. Daga baya muka ji yadda aka yi: mai agogo ya tsaya har na gaba suka iso, ya ga wanda yake yawan tsere da shi zai wuce, zuciyarsa ta kasa ɗauka. Ya cire rigar ya rataye, ya ce ai riga ake gani ba mutum ba, ya bi su.

A cikin kwata wata tsohuwa take kwance, 'yar Konduga ce da rikici ya koro gari, mai sayar da yakuwa, kowa Kaka yake ce mata. Ta zo tsallake kwatar ne ta faɗa, ƙugunta ya karye. Malama tana durƙushe cikin ruwan ƙazantar ta tallafe mata kai, 'yarta tana ƙoƙarin tsayar da keke napep, kuma ba wanda ke tsayawa. A can fili kuwa ana ta tafi, don su ba su san komai ba. Mai agogo ya riga kowa isa fili a ranar. Kafin mu kai Kaka asibiti ya sa hotonsa a gurup.

Da yamma Bulama ya kira mu. Tambaya ɗaya ya yi: kwanar wa ce? Shugaban gudun ya ce a gaskiya kwanar Malama ce tun asali. Na ce ƙarya ne, ga wanda ya karɓi riga a gaban jama'a, har da hoto. Mai agogo ko gezau. Ya ce shi taimako ya yi, ba a koya masa aikin ba, kuma mai abu shi ya kamata ya kula da abinsa. Wani ya ƙara da cewa in da Mama ta tsaya inda Allah ya ajiye ta da duk wannan bai faru ba. Na zage shi, aka riƙe ni, aka ce ba a faɗa a gaban manya. Haka aka tashi, an yanke cewa Malama ce za ta je ta ba iyalin tsohuwa haƙuri a madadin kowa. Ba wanda ya ce zai raka ta.

Lahadi da safe ta kai 'yarta tasha. Daga can ta biyo ta shagona, idonta a kumbure, muka tafi asibitin tare. Ta sayi lemo da ayaba a ƙofa.

Ɗan tsohuwar yana bakin ɗaki, ya ƙi amsa gaisuwarmu. Kaka kuwa tana ganin Malama ta miƙo hannu, da Hausarta irin ta tsofaffinmu wadda ba ta raba mace da namiji.

"Malama, kana da rai? Alhamdulillahi."

Malama ta durƙusa a gefen gado ta fara ba da haƙuri, ta ce wanda ta bar wa wurin ne ya tafi. Tsohuwar ta girgiza kai.

"Ni ban san wani mutum ba. Yaran nan kam kullum suna gudu, mun saba da haukansu. Sun wuce, ba wanda ya tashi. Ni dai in na ji ƙafa, kai nake dubawa. Na duba, babu kai, sai riga a jikin itace. Gabana ya faɗi. Ina juyawa sai ga ka, kana gudu, kai babu ɗankwali, ka riƙe hannun 'yarka." Ta kama hannun Malama. "Na ce wa mata ku tashi. Tunda Malama ma ya ɗauki ɗansa yana gudu, yau kam da gaske ne. A Konduga ma haka na riƙe nawa."

Malama ta sunkuyar da kai.

Kaka ta ƙara matse mata hannu. "Kar ka ƙara, ka ji? Kowa ya yi gudu, ban da kai. Ka rantse mini."

"To, Kaka," in ji Malama.

"Ka ce wallahi."

Malama ba ta saba rantsuwa irin tamu ba, amma ta faɗa. Ɗan tsohuwar ya leƙo ya ce mun ga ai tana buƙatar hutu, kuma mu tafi da lemonmu.

Muka fito muka tsaya a bakin titi muna jiran keke napep, ledar lemo a hannuna. Ina ta neman abin da zan ce mata, duk abin da ya zo bakina zagin wani ne, kuma na san ba shi take buƙata ba. Ita ce ta yi magana, idonta a kan titi.

"A can ƙarshen gudun, in mutum ya iso, me ake yi masa?"

Na ce tafi ake yi, sai dattijon nan ya miƙa maka ruwan leda.

"Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan.

Ta gyaɗa kai. "Ko na ƙarshe ma ana tafa masa?"

Na ce har na ƙarshe.