Jinin Yaya Alhaji Mai Kauri

Shekarun da kuɗin mai suka ɓarke, yayana ya bar noman dawa a Tafoki ya zama ɗan kwangila. Kwalbati yake ginawa tsakanin Faskari da Sabuwa, irin wadda ruwan farko ke tafiya da ita, a sake kiransa ya gina wata. Ya je Makka ya dawo da haƙorin zinare, wuyansa ya ninku uku. Ni kuwa ungozoma ce a ƙaramin asibitin Faskari, saboda haka duk ciwon dangi a kaina yake ƙarewa.

Wata rana muna cin abinci, loma ta suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya ɗan karkace, magana ta harɗe. Kafin la'asar ya warware. Na matsa masa har muka tafi babban asibiti a Zariya. Likitan, wani Ba'indiye, ya ɗebi jininsa aka auna. Ya ce jinin ya hau, kuma yana saurin daskarewa. In gudansa ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki zai shanye. Ni na yi musu tafinta.

Yaya ya saurara yana murmushi. "Wato jinina kauri gare shi?"

"Eh, Yaya Alhaji. Kuma ba yabo ba ne."

"Auta, mi kika sani? Jinin mai kwana da koko shi ne tsinkakke."

Cikin mako guda duk kasuwar Ƙanƙara ta ji cewa likita ya auna jinin Alhaji bai taɓa ganin mai kaurinsa ba. Masu zaman zaurensa suka ce ai dama da gani.

An ba shi ƙwayoyin tsinka jini. Sai wani cikin 'yan zauren ya raɗa masa cewa da irinsu ake haɗa maganin ɓera. Ya tambaye ni, ni kuma wawuya na faɗi gaskiya: asalinsu ɗaya, awon ne ya bambanta. Ranar ya watsar da su a masai, ya kira wanzami. Wanzamin ya kafa masa ƙaho shida a gadon baya, ya nuna masa baƙin gudajin da suka fito a ƙoƙo, ya ce ga ciwon nan duka ya fita. Na ce jinin kowa haka yake yi in ya sha iska. Aka ce in tashi in ba maza wuri.

Da damina, yana tsaye bakin wata kwalbati kusa da Yargoje yana yi wa leburori faɗa, ya kife. 'Yan zaure suka ce jifa ce daga abokin hamayya. Kwana biyu suna turara shi, sai na uku matarsa ta aiko mini a ɓoye. Na same shi kwance, yawu na zuba, hannun hagu kamar tsumma. Ya dube ni, hawaye ya gangaro. Zagin da na tanado tun daga Faskari na nema na rasa.

Wata biyu ya yi a asibiti. Bayan sallama, duk wata sai mun koma an ɗebi jini a ga ko ƙwayar ta yi yawa ko ta yi kaɗan. Da harshensa ya fara sakewa, abin da ya fara furtawa sarai shi ne ma'aikatan nan mayu ne. Zaure kuwa ya yi tsit tun da aka daina yanka rago.

Matarsa ce ta yi aikin. Kullum za ta ajiye masa kwanon gyaɗa ta ce ya ɓare da hannun da ya mutu, in bai cika gwangwani ba babu fura. Yana zaginta yana ɓarewa. Daga nan ya fara bin bango zuwa masallaci, daga baya ya riƙe sanda.

Ya rayu shekaru da yawa yana jan ƙafa. Duk baƙon da ya zo gaishe shi sai ya ji cewa rubutun wani malami a Ruwan Godiya ne ya tashe shi. Yakan faɗi haka ina zaune, ba ya ko kallona, hannunsa a miƙe ta gefe yana jiran in sa masa ƙwayarsa.