Maganar Marigayi Da Mayankar Bakin Binuwai

A gidanmu na Garwa, bayan sallar isha'i kowa ya san inda za a same mu: gindin murhun kakata Hajja Dudu, tana gasa mana gyaɗa a cikin toka. Ni take kira maigidanta, tana ƙorafin ban taɓa yi mata cefane ba, ga shi na fi kowa cin gyaɗar. Ina ƙaunar tsohuwar nan ƙwarai, har da dukan da take kai wa hannuna in na kai shi ga gyaɗar.

Wata rana muka roƙe ta tatsuniyar Gizo, sai ta ce, "Gizo ya gaji, ku bar shi ya huta. Yau na gidanmu za ku ji."

A zamanin mulkin Jamus, in ji ta, mahaifinta mahauci ne, mayankarsu kuwa tana bakin kogin Binuwai. Sai Baturen gari ya aiko a tashi daga nan, jini na ɓata ruwan sha. Wanda ya ƙi, za a karɓe wuƙarsa, ya bar sana'a. Mahauta suka taru a zauren Sarkin Pawa. Wani Baffa Iro, mai murya kamar ganga, ya miƙe ya ce, "Marigayi tsohon Sarkin Pawa ya ce kada mu kuskura mu bar bakin kogi!" Ya koma ya zauna abinsa. Wuri ya yi tsit. Wa zai ja da mamaci? Kowa ya fara tunanin abin da zai ciyar da iyalinsa.

Nan Hajja ta tsuke baki ta kwaikwayi muryar tsohuwar matar marigayin, wadda ta leƙo da ƙwaryar fura: "Iro, ina wurin lokacin da ya faɗa. Shekarar fari ce, rijiyoyi sun ƙafe, babu ruwan wanke nama sai a kogi. Tsabta yake nema. Yanzu da rijiyar bayan kasuwa ke cike, da yana raye shi zai fara ɗaukar gatarinsa."

Dariya ta ɓarke, Baffa Iro ya shiga sosa ƙeya. Suka koma bayan kasuwa, kowa da wuƙarsa.

Sai Hajja ta nuna ni da tsinke: "Maigida, in ka ɗauko maganar wani, kada ka jefar ka gudu. Faɗi mai ita, faɗi halin da ya yi ta a ciki, sannan ka ce ga aikin da ka ɗauko ta ta yi maka."

Na daɗe ina koyarwa a jami'a, kuma na gano Baffa Iro ya bar jikoki da yawa. Ɗalibi zai kwaso zancen wani masani, ya dasa a tsakiyar maƙala, ya wuce, yana jiran in yi tsit. Nakan yi murmushi in tambaye shi: me ya sa ya faɗa? Me ya haɗa wannan da batunka?

Amma ni ma ina jin tsoron abin. Kullum a aji sai na ce "in ji kakata", alhali duk waɗanda suka saurare ta tare da ni sun rasu. In na karkatar da maganarta, babu sauran mai leƙowa ya gyara mini.