Zangon da Surukina Ya Zauna a Ajina

Shekarar da aka ba ni kwas ɗin wakilcin aljabra a jami'ar Aliero, surukina yana cikin ɗaliban. Ba wani surukin nesa nake nufi ba, mahaifin mijina ne, kuma mijin nawa shi ne ɗan fari. Wanda ya san garuruwanmu ya san abin da wannan ke nufi. Baba ko sunan ɗansa ba ya kamawa, sai dai ya ce yaron nan, ni kuwa tun da aka kai ni gidan ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. In na je gaishe shi a Maiyama daga nesa nake durƙusawa, in gaida bakin tabarma, shi kuma ya amsa yana kallon katanga. Duk maganar da ta fi gaisuwa ta hannun Inna, uwar mijina, take bi.

Baba malamin lissafi ne na sakandare tun kafin a haife ni. Da aka yi aurena dangi suka fara cewa karatun ya isa haka, shi ne ya ce wa Inna yarinyar nan za ta ci gaba, kuma daga ranar ba wanda ya sake tayar da zancen. Ina can ina digiri na uku shi ma ya shiga na biyu da furfurarsa, don ya ce ba ya son ya ajiye alli bai san inda lissafi ya nufa ba bayan abin da yake koya wa yara. Ya haye duk kwasa-kwasai sai wannan ɗaya. Ya faɗi shi a hannun malamin da ya riga ni, kuma ƙa'idar karatun ta bar masa dama guda. In ya sake faɗuwa ko ya janye, karatun ya tashi a banza, ga ritaya ta ƙarato.

Na je wurin shugaban sashe na ce a raba ni da wannan fitina. Ya yi dariya har da share hawaye. Ya ce jarrabawar Baba wani zai duba, amma koyarwa dole ni ce, don wancan malamin ya bar aiki kuma ba wani mai fannin sai ni. Na fito ina jin kamar in koma gidanmu in ce na fasa bokon.

A Jega nake zaune, kuma mai zuwa daga Maiyama nan yake sauya mota. In na hango hularsa a tasha sai in laɓe bayan buhunan albasa har motarsa ta cika ta tashi, sannan in jira ta baya. Haka na riƙa isa aji a makare ina warin albasa, ni da nake korar ɗalibi in ya biyo bayana.

Ina son fannin nan ƙwarai. Ka ɗauki faifai ka juya shi kaɗan ko da yawa, kamanninsa ba sa canzawa, kuma juyin ba shi da gaɓa, sulalewa yake yi. Mu ƙananan motsin da ke haifar da irin wannan juyi muke nazari. Abin da ke ba su rai shi ne, in ka yi wannan motsi sannan ka yi wancan, ba lalle ka tsaya inda za ka tsaya ba da ka fara da wancan. Bambancin da ke tsakani shi ne dukiyar fannin gaba ɗaya. Wakilci kuwa shi ne ka ba kowane motsi matiris ɗinsa, wato jadawalin lambobi da za ka iya ninkawa da hannu, yadda wancan bambanci zai fito daidai a cikin lambobin. Misalin da kowa ke farawa da shi haruffa uku ne, H da E da F, kuma kamar tsani yake. H tana gaya maka matakin da kake, E ta hau da kai, F ta sauko da kai. Doka ta ce HE a ɗebe EH, abin da ya rage 2E ne, kuma saboda wannan ne duk hawa ɗaya yake ƙara biyu a kan lambar mataki.

Ɗalibai sun san ni da zafi. Daga ƙarshen aji nake hango alamar ɗebewa da aka yar, kuma ba na bari ta kwana. Amma a wannan zango allo na koyar. Baba yana zama a layin baya gefen taga, ni kuma in ba ajin baya tun daga sallama har a tashi, ina magana ƙasa-ƙasa kamar mai karanta wa kanta wasiƙa. Kiran suna na daina shi baki ɗaya, don ba ni da bakin da zan kira nasa. In wani ya ɗaga hannu ba na gani, sai ya gaji ya yi gyaran murya. Shi ma Baba bai taɓa tambaya ba, duk da an ce a sauran azuzuwa shi ne mai hana malami sakat.

Akwai al'adar da na kafa da kaina tun kafin wannan shekara, kuma na rasa yadda zan soke ta: kowane ɗalibi sai ya fito allo ya warware abu a gaban kowa. Layi ya yi ta tafiya ina addu'ar zango ya ƙare kafin ya kai baya. Bai ƙare ba. Ranar da ta faɗo kansa, abin da ke gaba shi ne a nuna dalilin da E ke ƙara biyu.

Ya taso a hankali ya karɓi alli daga kan tebur, ni kuma na matsa can jikin ƙofa na sunkuyar da kai. Rubutunsa mai kyau ne, irin na malaman da. Ta gefen ido na ga ya rubuta H tana aiki a kan E, a layi na gaba kuma ya mayar da E gaba H baya, ba tare da ya ƙara komai ba. Hannun da ya tsufa yana koya wa yara cewa uku sau huɗu daidai yake da huɗu sau uku ne ya yi masa haka, bai ma san ya yi ba. Da ya kai ƙarshe sai lambar mataki ta fito yadda take, babu biyu. Ya san amsar da ta kamata, don ya haddace ta. Ya ja da baya ya bi layukan da ido daga sama har ƙasa, ya sake bi, sannan ya tsaya riƙe da alli yana jira.

Ni yake jira. Ajin ya yi tsit, don da yawansu shi ya koyar da su a sakandare, ba mai iya buɗe baki ya ce Malam ka yi kuskure. Da wani ne da tuni na ce masa ina ka kai 2E, ka sayar ne? Maganar tana bakina, gajeriya ce ƙwarai. Amma sai na ga kamar duk Maiyama ta taru tana kallon surukar da za ta gyara wa uban mijinta magana a gaban yara. Sai na ji bakina ya ce to, madalla, na gaba. Ya ajiye allin a hankali ya koma wurinsa. Kunyar da na ji a lokacin ta ninka wadda nake gudu.

Littafin da muke bi bai taimaka ba, don ya tsallake wannan gaɓa, mai shi yana ganin a bayyane take. Na so in maimaita darasin a mako na gaba, sai na ga kowa zai gane da wa nake. Na roƙi maigidana ya kai saƙo. Ya dube ni ya ce shi da rabonsa da zama tabarma ɗaya da Baba tun yana yaro, yau shi ne zai je ya ce masa ga yadda ake lissafi? Ya dai kira Inna a waya. Inna ta ce ita ba ta taɓa jin inda suruka ta aika da gyara ba, in yi masa addu'a kawai. Na lallashi kaina da cewa lokacin bita zan cusa abin cikin sauran darussa yadda ba wanda zai lura.

Kafin bitar ta zo Baba ya daina zuwa. Shugaban sashe ne ya tare ni a baranda, wannan karon ba dariya, ya ce dattijon ya zo da kansa ya janye, wai idonsa ba ya ganin allo sosai. Mutumin da ke karanta Alƙur'ani mai ƙananan baƙi ba tabarau.

Ranar Asabar na tafi Maiyama. Na same shi bayan la'asar a ƙarƙashin rumfa, Inna tana gefe tana tsince wake. Na durƙusa inda na saba, muka gaisa yadda muka saba. Na ce wa Inna ta roƙar mini Baba ya koma, takardar ba ta yi nisa ba, ana iya janyo ta. Na san yana jin kowace kalma.

Ya dubi Inna.

"Hwaɗa mata, yaran ga iyayensu sun turo su su ga huskar malama, ba ƙeyarta ba. In ina cikin ajin ga, ba ta iya aikinta. Su yanzu sunka hwara, ni kau na ci nawa."

Na ce wa Inna wallahi zan gyara, zan juyo, zan yi masa kamar kowa. Inna ta buɗe baki za ta maimaita ya ɗaga mata hannu. Ya ce yarinyar da aka yi wa tarbiyya ba za ta iya ba, kuma shi ba zai so ta iya ba. Maganar komawa a bar ta. Hawaye suka riƙa zuba a kan zanena, don yabona yake yi, ni kuma ban taɓa jin yabon da ya ƙona ni haka ba.

Na yunƙura zan tashi ya sake magana.

"Tambaye ta dai, biyun nan, ta ina taka shiga? Ta hana ni sukuni."

Na dubi Inna, wadda ko baƙin boko ɗaya ba ta sani ba, na ce: "Inna, H ba ta tsallake E hakanan. Duk sadda ta tsallaka, sai ta bar 2E a baya."

Inna ta zuba mini ido da wake a hannu. Baba ya sunkuya ya sa yatsa a ƙasa gefen tabarma, ya rubuta layi ɗaya, ya rubuta na biyu. Ya tsaya.

"Ashe nan na," ya ce. "Shi ke nan dut?"

"Shi ke nan," na ce wa Inna.

Ya daɗe yana kallon abin da ya rubuta. Sannan ya shafe shi da tafin hannu, ya jawo takalmansa, ya ce wa Inna ta zuba wa yarinyar nan abinci, shi zai fita waje don ta samu ta ci.