Malam Labaran da Fuskar Bara'atu

Gidan Malam Alhassan na Unguwar Kanawa gida ne na mutum bakwai: shi, ma'aikacin gwamnati, da matarsa Sa'adiya, da 'ya'ya biyar. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Abin da suka rasa shi ne hoto ɗaya tak da kowa ya fito a ciki. Duk Sallah sai su jeru a tsakar gida da rana tsaka, cikin fararen kaya, a ɗauke su da waya. Kowa ya fito ban da auta Bara'atu, mai shekara goma sha ɗaya, wadda ta fi kowa duhun fata. Inda fuskarta take sai dai ka ga duhu da haƙora. Yayyenta suka mai da abin zolaya, har ta daina tsayawa. Ranar da Sa'adiya ta tsinci man bilicin a jakar makarantar yarinyar, ta san abin ya wuce wasa, ta sa aka kira Malam Labaran mai hoto.

Shekara talatin da huɗu ke nan Malam Labaran na buɗe shagonsa kusa da tashar Kawo da sassafe. Ya share ƙofa, ya goge gilashin kyamara, ya ninke farin zane ya sa a jaka tare da tawul. Kowa ya san dokarsa ta bazara: ba ya ɗaukar iyali a waje daga hantsi har la'asar, ko wane ne ya kira shi. Ya sha rasa aiki saboda haka, bai sauya ba.

Ya isa gidan bayan azahar, zafi kamar ƙasa za ta tsage, ya tarar sun gama shiri.

"Malam, gumi ya gama jiƙa mana shadda," in ji maigidan. "A yi a gama."

"Yallaɓai, a cire manyan riguna a sha ruwa. Ranar nan ba ta yi wa kowa adalci."

Ya zauna ya duba tsofaffin hotunan ɗaya bayan ɗaya. Suhaib, babban wan yarinyar, ya leƙo ya ce, "Baba, in dai Bara'atu kake so ta fito, sai ka zo da cocila."

Malam Labaran bai yi dariya ba. "Kai ma a duk hotunan nan idonka a runtse yake. Akwai wanda ya ce ba ka da ido?"

Da aka yi la'asar ya fito da su gindin mangwaron ƙofar gida, ya shimfiɗa farin zanen a gabansu don haske ya dawo fuska a hankali. Bara'atu ta maƙale a zaure.

"Zo, 'yata."

"Ni ba na fitowa, Baba."

"Zo dai mu gani."

Ita ya fara tsayarwa. A fuskarta ya auna haske, sannan ya jera sauran kewaye da ita, har da maigida. Ya ba kowa tawul ya share gumi. Ya ce su rufe ido, kada su buɗe sai ya ce. Suna buɗewa ya ɗauka.

Kai ne, Malam Labaran, ka san cewa hoton iyali amana ce, domin yaro yana yarda da abin da hoto ya gaya masa game da kansa. Kai ne mai jiran rana ta sauka. Iyalai da yawa a Kawo da Unguwar Kanawa sun shaida ba ka taɓa fara jera mutane daga mai muƙami ba, sai daga wanda haske ya fi yi wa wuya: tsohuwa mai ciwon ido, jariri, yarinya irin Bara'atu. Yanzu da idonka ya raunana kake shirin rufe shago, muna godiya. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara lafiya. Mu kuma malamai da iyaye, da duk mai riƙe da waya yana ɗaukar 'ya'yan mutane, mu koyi duba inda muka tsayar da yaro kafin mu yanke masa hukunci.

Bayan kwana uku da ɗaukar hoton gidan Malam Alhassan, Malam Labaran ya kawo shi da kansa, ya miƙa wa Bara'atu kafin kowa. Ta daɗe tana kallo. Ga goshinta, ga girarta, ga ɗan tabon da ke haɓarta, ga idanu irin na mahaifinta sak. A nan ta gane fuskarta ba ta da laifin komai, a wurin da bai dace ba ake tsayar da ita.