Idon Baba Bayan Sallama

Da sunan Allah na ɗauki alƙalami, Shi ne shaida a kan abin da zan faɗa.

Mahaifina shi ne limamin ƙauyenmu, tsakanin Dutse da Kiyawa, a shekarun da Nasara suka fara kafa mulkinsu. Ni a lokacin na sauke Alƙur'ani, na yi aure, ina zaune a gidansa.

Idonsa na hagu yana da lalura. In ya daɗe a sunkuye sai ƙwayar ta turo waje ta yi ja, in ya ɗago, kafin a karanta Fatiha uku ta koma. Haka take yi masa a gona, haka in tari ya sarƙe shi. Mu a gida mun saba. To, Baba mutum ne mai tsawaita sujada, kuma in ya sallame yakan juyo ya fuskanci jama'a yadda limamai ke yi. A nan kowa ke gani.

Yana da na'ibi, wanda shi da kansa ya koya wa karatu. Da masassara ta kama 'yar na'ibin, sai na'ibin ya shiga bin zaure zaure yana cewa ido ba ya fita haka sai na maye, in ya hango kurwar da ya kama. Ranar wata Laraba da hantsi aka shimfiɗa yarinyar a ƙofar gidan mai gari, aka tuɓe wa Baba riga da rawani, aka sa ya tsallake ta sau uku don ya saki kurwarta. Ya sunkuya zai kwance takalmi, idon ya fito. Mata suka yi ta salati.

Yarinyar ta warke, kamar yadda masassara ke warkewa. Aka ce ai ga shi nan. Na'ibi ya zama liman.

Na je har Jahun na zo da wani tsohon wanzami. Ya sa Baba ya sunkuya, ya ɗago, ya yi nishi, sannan wanzamin ya taɓa bayan fatar idon. Ya ce jijiya ce ta saki a bayan ƙwayar, in kai ya yi ƙasa jini ya cika ta, in ya ɗago ya zurare. Ya faɗi haka a gaban mai gari. Ba wanda ya mai da Baba gaban sahu. Damina biyu ya yi yana salla shi kaɗai a ɗaka, ya rasu.

Bayan shekaru masu yawa na'ibin ya yi niyyar Makka a ƙasa. Kamar yadda aka saba, ya bi gida gida yana neman gafara, don mai wannan tafiya bai san ko zai dawo ba. Ya same ni ina wanke alluna. Ya durƙusa, gemunsa fari fat.

"Malam, ka yafe mini abin da ya wuce."

Na tambaye shi ko zai tsaya ranar Juma'a ya gaya wa jama'a ƙarya ya yi. Ya ce girma ya kama shi, in rufa masa asiri.

"To Allah ya kai ka lafiya, Malam," na ce. "Ka je da alhakinsa a wuyanka. Mu haɗu gaban Mai Shari'a."

Ya daɗe a durƙushe. Ni kuwa na ci gaba da wankin allona har ya tashi.