Taɓarya a Bayan Ƙofa

Shekarun baya can, lokacin da na samu aiki a jami'a a Wudil, na kama hayar ciki da falo a wani gida mai sassa huɗu. Mijina yana aiki a Gombe, sai ƙarshen wata yake leƙo mu. Daga ni sai 'yata, wadda a lokacin ko zama ba ta fara ba. Duk ranar Juma'a idan na tashi daga aiki ba na komawa gida, tasha nake wucewa in hau mota zuwa Kano wurin mahaifiyata, sai Lahadi da yamma mu dawo.

Gidan ba shi da laifi. Akwai rijiya, akwai inuwa, maƙwabtan kuma mutanen kirki ne. Wadda muka fi shaƙuwa da ita matar wani malamin firamare ce, 'yar Utai, ƙofarta na kallon tawa. Ta girme ni sosai, ina ce mata Yaya, ita kuma ba ta taɓa kirana da komai ba sai Mai jego.

Abin ya fara ne da cajar waya. Na dawo wata Lahadi na neme ta na rasa, na ce ƙila a Kano na baro ta. Sati na gaba sai turmin atamfa da na ajiye a saman akwati. Na zazzage ɗakin kaf, na zauna ina zargin kaina da mantuwar masu shayarwa. Ƙofa dai a kulle na bar ta, a kulle na same ta, taga ba a taɓa ba. Har na fara tunanin ko kaina ne ya soma samun matsala.

Ranar da na tabbatar ba kaina ba ne, na dawo na tarar da kofi a kan tebur da sauran ruwa a ciki. Ni kuwa ba na fita in bar kwano ko kofi ba a wanke ba, wannan kowa ya san ni da shi. Na tsaya a tsakiyar falo da yarinya a bayana, ina kallon kofin nan. Wani ya shigo ɗakina, ya buɗe randata, ya sha ruwa a natse, ya fita ya kulle min ƙofa.

Na kira Yaya na nuna mata. Ta riƙe haɓa ta ce, "Mai jego, wannan ba aikin ɓarawon waje ba ne. Mai mukulli ne."

Duk da haka na so in ƙara tabbatarwa. Juma'ar da ta biyo baya, da zan fita, na karya tsinken tsintsiya na maƙala shi a saman ƙofa tsakaninta da bango, inda ido ba zai kai ba. Na ce wa Yaya ta riƙa duba min. Da la'asar ta kira ni ina cikin mota, muryarta ƙasa-ƙasa. "Da hantsi yana nan. Na dawo daga kasuwa na gan shi a ƙasa."

Wanda ya san Wudil ya san yadda Juma'a take. Ranar kasuwa ce, mata da yara duk suna can, maza kuma da rana ta take sai masallaci. Gidanmu kan zama babu kowa, babbar ƙofar kuma a saye kawai ake barinta saboda 'yan garuwa. Ko wane ne, ya san wannan, ya kuma san ba na nan.

Na je na sami mai gidan, wani Alhaji dillalin shanu, dattijo mai fara'a amma mai kafiya. Bayan doguwar gaisuwa na faɗa masa abin da ke faruwa, na roƙe shi ya bari in canza mukulli ko in sa sakata da kwaɗo. Fuskarsa ta canza.

"Malama, gidana ba a taɓa sata ba. Ƙofofin nan da tsada na sa su, ba zan bari a huda min su ba. Mukulli kuwa biyu ne, ɗaya na hannunki, ɗaya na wurina. Ko ni kike zargi?"

Na ce, "Wane ni, Alhaji. Allah ya huci zuciyarka."

Haka na fito. Samun ɗaki a lokacin wahala ne saboda yawan ɗalibai, ban isa in yi rigima da mai gida ba. Mijina ya ce in yi haƙuri zuwa ƙarshen wata, zai zo su yi magana namiji da namiji. Na ce to. Amma kafin ƙarshen watan fa? Wanda yake shiga idan ba na nan, me zai hana shi wata rana ya shiga ina nan?

Sai muka zauna da Yaya muka yi namu tsarin, wanda ba sai an huda ƙofar Alhaji ba. Takardun makarantata da ɗan kunnen zinaren aurena na kwashe na kai Kano. Tagar falo irin ta gilashi ce da ake turawa gefe, na yanko sandar mofa ta goge ɗaki daidai tsawon hanyarta na kwantar a ciki, ko an ɓalle maƙullinta ba za ta turu ba. Na tara gwangwanayen madara na zuba tsakuwa, na ɗaure su da zare na rataya a bayan ƙofa. Na sayo usur guda biyu irin na masu ƙwallo, ɗaya nawa ɗaya na Yaya, muka yi alkawari duk wadda ta ji na 'yar'uwarta ta fito da ihu. Sai babban makamin: Yaya ta ba ni aron tsohuwar taɓaryarta. Ta nuna min yadda zan tokare kanta a ƙarƙashin mariƙin ƙofa, gindinta a ƙasa a karkace. Da muka ga tana zamewa a kan tayil, na yanka tsohon silifas na sa mata a ƙasa.

Mijina da na ba shi labari a waya dariya ya yi har da tari, wai ya auri kwamandan tsaro bai sani ba. Ni ma na sha kunya da kayan nan. Sau da yawa ni gwangwanayen suke firgitawa, in manta da su in buɗe ƙofa, su yi ƙara in yi tsalle. Akwai ranar da abokiyar aikina ta kawo min ziyara, ta ga taɓarya a falo, ta tambaye ni ko sana'ar daka na fara.

Ana cikin haka sai wata Juma'a 'yata ta tashi da zazzaɓi. Na kira wurin aiki na ce ba zan samu zuwa ba, tafiyar Kano ma na fasa. Na ba ta magani, na sauke labule saboda haske yana damunta. Da hantsi Yaya ta leƙo da mayafinta, ta taɓa goshin yarinyar, ta ce za su shiga kasuwa da yara, ba za ta daɗe ba. Tana fita ta ce, "Ki sa taɓaryarki." Na kulle ƙofa na zare mukullin, na tokare ta, ba don ina tunanin komai ba, sabo ne kawai.

Rana ta take. Babu wuta, fanka a tsaye, gidan shiru kamar an share. Daga nesa ina jiyo lasifikar masallaci. Ina zaune a kan tabarma a falo, yarinya ta samu barci a cinyata, sai na ji ƙarar babbar ƙofa.

Na ce ko mai ruwa ne. Amma ban ji ƙarar kura ba. Takun mutum ɗaya ne, a hankali, ba gaggawa. Na jira in ji sallama. Babu. Takun ya wuce ƙofar farko, ya wuce rijiya, ya zo daidai ƙofata ya tsaya.

Sai na ji mukulli ya shiga.

Wallahi har yau ba na iya kwatanta abin da na ji. Mukullina yana kan tebur ina kallonsa, ga wani kuma yana juyawa a ƙofata, a sauƙaƙe, kamar mai ɗaki ya dawo daga unguwa. Na ji ya ce ƙwas. Mariƙin ya motsa. Ƙofar ta buɗe kamar faɗin yatsa, taɓarya ta cije, gwangwanaye suka yi kacau.

Shiru. Shi bai motsa ba, ni ban yi numfashi ba.

Ina jin ya ɗauka wani abu ne ya faɗi a bayan ƙofar, domin sai ya sake turawa, wannan karon da kafaɗa. Na ga gindin taɓaryar ya ɗan ja baya tare da guntun silifas ɗin. Na kwantar da yarinya a tabarma, na ja jiki da gwiwa, na zauna dirshan na sa ƙafafuna biyu na danne gindin taɓaryar, bayana na jingine da kujera. Ya sake bugawa. Na ji bugun har cikin ƙashin bayana.

Wayata tana uwar ɗaka. Yaya tana kasuwa. Usur ɗin kuwa, da wayona, a jikin ƙusar kalanda na rataye shi, daf da bakin ƙofar, daidai inda ta buɗe. Idan na tashi in ɗauko, zan saki taɓarya. Idan na zauna, ban san iya bugun da za ta ɗauka ba. Bakina yana ta motsi da addu'a amma ban san me nake karantawa ba.

Na bar ƙafa ɗaya a kan taɓarya na miƙe a karkace, na miƙa hannu. Ta 'yar kafar nan na hango hannun farar shadda mai guga, ƙamshin turare ya bugi hancina. Shigar masallaci ce a jikinsa. Tsakanina da shi bai wuce kaurin katako ba, ina jin hucin numfashinsa. Na fizgo usur, ƙusar ta faɗo da kalandar.

Na sa a baki na busa, iska kawai ta fita. Bakina ya bushe ƙamas. A daidai nan 'yata ta farka ta tsala kuka.

Na ji ya ce, "Kai!" a hankali, irin na wanda ya taka wuta.

Ban san inda ƙarfi ya zo min ba. Na busa usur ɗin nan har kunnena ya toshe, ina dukan gwangwanaye da ɗaya hannun, ina cirewa in yi ihun ɓarawo in mayar in sake busawa. Na ji gudu, na ji babbar ƙofa ta bugu da bango. Ban daina ba. Matan gidan da ke bayanmu suka shigo da muciya da itace, suna buga ƙofa suna cewa in buɗe ya tafi, na ƙi. Ina zaune a ƙasa na rungume yarinya, ƙafata a kan taɓarya. Sai da aka kirawo Yaya daga kasuwa, na ji muryarta tana cewa, "Mai jego, ni ce, buɗe," sannan ƙafar ta yarda ta ɗaga.

Da aka buɗe, sai ga shi ya bar mukullin a jikin ƙofa. Ba ɗaya ba ne. Zobe ne guda ɗauke da mukullan sassan gidan duka, har da na Yaya.

Ana saukowa daga masallaci mijin Yaya ya je ya taho da Alhaji. Ya shigo yana faɗa tun daga waje, wai an tara masa jama'a a gida. Mijin Yaya ya miƙa masa zoben. Alhaji ya karɓa ya juya shi a tafin hannunsa. Ya nemi bakin rijiya ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya dubi taɓarya, ya dubi yarinyar da ke ta ajiyar zuciya a kafaɗata.

"Bai taɓa ku ba dai?"

Na ce, "Bai samu shiga ba, Alhaji."

Ya gyaɗa kai. "Mukullan nan a ɗakina suke kwana. Waɗanda suka san inda nake ajiye su ba su da yawa." Ya juyo gare ni. "Malama, ki yafe ni. Ku canza duka, yau ɗin nan. Ku sa sakata, ku sa kwaɗo, duk abin da kuke so ku huda."

Kafin magariba kafinta ya gama da ƙofofi huɗun. Alhaji bai taɓa faɗin ko wane ne ba, mu ma ba mu tambaya ba. Bayan kwana biyu aka aiko min da atamfata a leda, ba a ce daga ina ba. Daga baya muka ji an mayar da wani ɗan ɗan'uwansa da yake riƙo zuwa gona a Achika.

Na ƙara shekaru a gidan lafiya lau, kuma tun daga nan na zauna a gidajen haya daban-daban. Ba na sake shiga gida in kwana da mukullin da ban san hannu nawa ya ratsa ba. Tun wajen ciniki nake faɗa wa mai gida zan canza, in ajiye masa nasa, ranar tashi in mayar. Wanda ya ƙi, ina gode masa in nemi wani. Kuma kafin in san inda ake sayar da cefane a unguwa, sai na san maƙwabciyar da za ta fito idan na yi ihu.

'Yar tawa yanzu ta girma, idan ana ba ta labarin dariya take, ta ce ita ce ta kori ɓarawo da kukanta. Ina taya ta dariyar. Amma har yau idan ina ɗaki na ji mukulli yana juyawa a ƙofa, ko da na san mijina ne ya dawo, sai na tsayar da abin da nake yi, ba na iya ci gaba sai na ji sallamarsa.